Wa ke da ikon ba da izinin datse ruwan fadama? Tambaya daga gabashin Haɗeja

Manomin Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Ina rubuto muku ne daga wani ƙauye da ke gabas da Haɗeja, a cikin ƙasar dausayi, inda kakanninmu suka zauna saboda ruwa, mu ma kuma ruwan ne ya riƙe mu har yau. Abin da ya kawo ni gabanku al'amari ne da ya hana dattawan garinmu barci tun ƙarshen kaka, kuma ina roƙon duk wanda Allah ya ba shi sanin doka ko sanin aikin gwamnati ya haska mana hanya.

A yammacin garinmu akwai wata mashigar ruwa da ke ɓallowa daga kogi idan ya kawo, ta bi ta cikin kurmin goruba, ta zube a wani tafki da muke kamun kifi a cikinsa. Idan ruwan ya bazu a kwari sai mu yi shinkafa, idan ya fara janyewa sai mu bi danshin ƙasa da wake, bayan mun kwashe kuma sai Fulani su sauko da shanunsu su ci ciyawa su sha ruwa har faɗuwar damina. Haka muka taso muka tarar, fili ɗaya yana ciyar da manomi da masunci da makiyayi, kowa da lokacinsa.

Bayan girbin bana sai ga wasu mutane da mota, suka auna wani yanki na fadamar, suka kafa turakun siminti. Ba a yi mako uku ba sai ga katafila, ta tara jinga mai tsayi wadda ta fi ƙirjin mutum, ta kewaye filin, ta kuma ratsa ta kan mashigar ruwan nan ta toshe ta ruf. Da muka je da mai unguwa muka tambayi mai kula da aikin, ya karɓe mu da mutunci, ya ce wani mai zuba jari ne zai yi noman rani na shinkafa da alkama, kuma yana da takarda. Ya ɗaga mana ita daga nesa, muka ga hatimi, amma bai ba mu mun karanta ba. Ni da kaina na tsaya a kan jingar nan da yamma, na ga sawun tayar katafila a daidai inda mahaifina yake ɗaure kwalekwalensa, na kuma san cewa idan ruwa ya zo baɗi ya tarar da ƙofarsa a rufe, ko dai tafkinmu ya ƙafe, ko kuma ruwan ya juya ya nufi gidajenmu.

Ba mu ƙi ci gaba ba, kuma ba mu da niyyar ɗaukar doka a hannunmu, ko da yake samari sun fara maganar zuwa da dare su fasa jingar, muna ta ba su haƙuri. Tambayata ita ce: wa doka ta ba ikon ba da fili a fadama irin wannan? Shin takardar fili tana ba mutum damar toshe hanyar ruwan jama'a? Kuma wace ƙofa ya kamata mu fara ƙwanƙwasawa?

Tsohon Ma'aikacin Filaye ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka muku da alheri da kuka riƙe samarinku, domin ranar da aka fasa jingar nan da dare, ranar ce maganarku za ta tashi daga ƙorafin masu gaskiya ta koma shari'ar ɓarna, kuma ku ne za ku zama abin tuhuma. Na yi shekaru ina aikin filaye kafin na ajiye, saboda haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Tun daga 1978, lokacin da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana ga jama'a. A birane gwamna ne ke ba da izinin mallaka. A karkara kuwa ƙaramar hukuma na iya ba da izinin mallaka na gargajiya don noma ko zama ko kiwo, amma dokar ta yi mata iyaka: ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ba, ko fiye da hekta 5,000 don kiwo, sai da amincewar gwamna. Haka kuma gwamna na da ikon ba da nasa izinin a ko'ina cikin jiha, birni ko ƙauye. Dokar ta tanadi cewa kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin ba da shawara kan rabon filaye. Saboda haka abu na farko da za ku bincika shi ne daga ina takardar nan ta fito, daga ƙaramar hukuma ne, ko daga ma'aikatar filaye ta jiha a Dutse, ko kuwa takardar ciniki ce kawai tsakaninsa da wasu masu gonaki da shaidar wani mai riƙe da sarauta. Na sha ganin irin ta ukun nan ana ɗaga wa mutanen ƙauye ita kamar daga fadar gwamnati ta fito, alhali ko sayar da gonar gargajiya ma dokar ta ce sai da yardar ƙaramar hukuma.

Idan har akwai gonakin mutane a cikin filin da aka kewaye, to ba a karɓe su haka kawai. Sai an soke haƙƙin masu su saboda wata maslaha ta jama'a, an sanar da su, an kuma biya diyyar amfanin gona da itatuwa da duk wani aikin da suka yi a wurin. Ku tambayi kanku ko an yi haka.

Amma gundarin maganar, wanda nake so ka riƙe da kyau, shi ne wannan: takardar fili ba takardar ruwa ba ce. Ko da takardarsa sahihiya ce daga farko har ƙarshe, abin da ta ba shi shi ne ikon amfani da ƙasar da ke cikin turakunsa. Ba ta ba shi ikon canza wa kogi hanya ba. Kogin Haɗeja ya taso ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya ratsa Jigawa, ya shiga Yobe inda yake haɗuwa da kogin Jama'are wajen Gashuwa, daga nan ruwan ya nufi Tafkin Chadi. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta sanya duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Ta bar wa kowa ya ɗebi na sha da na shayar da dabbobi, ya yi kamun kifi, amma datsewa da karkatar da ruwa sai da lasisi. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976 kuma babban ofishinta ke Kano, ita ce ke kula da madatsun Tiga da Challawa da aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja da ke wajen Auyo, kuma injiniyoyinta su ne suka fi kowa sanin abin da toshe mashiga ɗaya ke haifarwa ga na ƙasa da ita.

Shawarata ita ce kada ku tsallake gadon gargajiya. Ku bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, domin hakimi na iya isar da kukanku ga masarauta cikin kwana kaɗan. Amma a lokaci guda ku rubuta takardar koke, da kwanan wata, da sa hannu ko dangwalen yatsan magidanta, ku kai wa shugaban ƙaramar hukuma, ku aika kwafi ga ma'aikatar filaye da ta muhalli ta jiha da kuma hukumar kogunan. Duk inda kuka kai, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. A aikin gwamnati, maganar da ba ta shiga fayil ba tamkar ba a yi ta ba ce, kuma wannan shi ne inda mutanenmu na karkara suka fi cutuwa, suna yin sahu goma zuwa ofis da baki, ba su bar ko layi ɗaya a rubuce ba.

Ɗan Masunta ya amsa:

Baba, mun gode da wannan bayani. Ni ɗan gidan masunta ne daga ɓangaren Guri, kuma ina so in ƙara abin da ido ya gani, domin a kan takarda jinga layi ɗaya ce, amma a cikin ruwa rayuwa ce take yankewa.

Yawancin kifinmu ba ya hayayyafa a tsakiyar kogi. Idan ruwa ya kawo, tarwaɗa da karfasa da kurungu suna bin irin waɗannan mashigai ne su fita cikin ciyawar fadama su zuba ƙwai, 'ya'yan su yi girma a ruwa mara zurfi inda abinci yake, sannan su komo tafki da kogi idan ruwa ya fara ja. Wanda ya toshe mashiga ɗaya ya toshe wa kifin shekara guda ƙofar haihuwa, kuma masuncin da ke nesa da wurin, wanda bai taɓa ganin jingar ba, shi ma zai ji a cikin komarsa. Gaiwa ma, wadda ke binne kanta cikin laka ta yi rani, idan aka busar da wurin aka bi shi da garma, ta tafi ke nan.

Dattawanmu suna ba da labarin yadda ruwa yake malala kafin a gama madatsar Tiga a 1974, da yadda ya ƙara canzawa bayan ta Challawa a 1992. Da can kogi yana kawowa da ƙarfi da damina, ya bushe da rani. Yanzu kuwa ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, ga kuma ruwa kaɗan-kaɗan yana gudana duk shekara, wanda shi ne ya ba ciyawar ruwan nan da ake kira kacalla wurin zama. Wanda bai taɓa shiga cikin kacalla ba ba zai gane ba. Ta fi mutum tsayi, ta cushe hanyar ruwa har kwalekwale ba ya ratsawa, laka tana taruwa a gindinta, ruwa ya rasa hanya ya koma gonaki da gidaje, tsuntsun jan baki kuma ya samu maɓoya ya riƙa fitowa yana cinye shinkafa da gero. Mun yi aikin gayya da lauje da adda, ruwa iya wuya, muna share ta a mashigar Marma, hanyar ruwan da ke kaiwa tafkin Nguru, fatarmu duk ta yayyage. To, jingar da ke tsayar da ruwa wuri ɗaya kamar shimfiɗa ce aka yi wa kacalla.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ba a tambayar sarkin ruwa. A al'adarmu shi ne ya san wane tafki ake hutar da shi, wace rana ake buɗe kamun kifi, wa ya kafa dumba, wato shingen kamun kifi, inda bai kamata ba. Idan ɗan garinmu ya tare ruwa da dumba ana sa shi ya cire, amma wanda ya zo da katafila ba wanda ya ce masa sai ka ga sarkin ruwa tukuna. Ina roƙon Yaya mai tambaya ya sa sarkin ruwansu da arɗon Fulanin da ke sauka a wurin cikin masu sa hannu a koken.

Matashi Mai Noman Rani ya amsa:

Ina neman afuwar manya, amma ina ganin ya kamata a ji ɗaya ɓangaren. Ni noman rani ne ya hana ni tafiya ci-rani Legas. Da injin ban ruwa ɗaya da rijiyar tiyo na fara, yau ina ciyar da gidanmu, ina ɗaukar yara aiki lokacin dashe da yanka. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa gonakin Jigawa ba zai zargi manomi don ya tara jinga ya kare shukarsa ba, domin mutum ba zai ci bashin taki da iri ya zuba, sannan ya zauna yana kallon ruwa ya shanye ba. Garuruwa da yawa ma jinga ce ta tsare su.

Tsoron da nake ji shi ne kada koke ya kori mai jarin gaba ɗaya, samarin garin su rasa aikin da ya zo musu har gida. Mun daɗe muna kukan cewa masu kuɗi ba sa zuba jari a karkara. Idan matsalar mashigar ruwa ce kaɗai, me zai hana a zauna da shi a nemi ya ja jingarsa baya ya bar wa ruwa hanyarsa, ko ya gina kwalbati mai ƙofa a wurin, a buɗe da damina a rufe idan ya yi shuka? Ban ce a yi shiru ba, amma ina ganin a fara da neman gyara kafin neman a tashe shi.

Malama Mai Koyar da Ilimin Ƙasa ta amsa:

Assalamu alaikum. Ƙanena mai noman rani ya faɗi gaskiya a kan buƙatar aiki, kuma shawararsa ta kwalbati mai ƙofa abar dubawa ce. Sai dai ina so ya lura cewa jinga ba ta rage ruwa, tura shi kawai take yi zuwa wurin wanda ba shi da ƙarfin tara tasa. Shi ya sa bai kamata mai jari da magidanta su yanke girman kwalbatin a gindin bishiya ba, sai an kawo wanda zai auna yawan ruwan da ke bi ta wurin a shekarar da kogi ya cika. Domin irin wannan ne aka yi dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992.

Dokar nan ta lissafa ayyukan da dole a yi musu cikakken bincike kafin a sa katafila, daga ciki akwai busar da dausayi mai faɗin hekta 100 ko fiye, da aikin ban ruwa mai hekta 5,000 ko fiye. Ko aikin bai kai haka ba, ƙa'idar dokar ita ce duk abin da ake ganin zai yi babban tasiri ga muhalli a duba shi tun kafin a fara. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke ba da amincewa, kuma ana ajiye rahoton a bainar jama'a na kwanakin aiki 21 don mutanen da abin ya shafa su karanta su faɗi ra'ayinsu. Ku tambayi mai aikin ko an yi wannan, kuma a ina aka ajiye rahoton, domin idan an yi da gaske, da ku ne farkon waɗanda za a zo a tambaya. Akwai kuma hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli, kuma a 2009 an fitar da ƙa'idoji na musamman kan dausayi da gaɓar koguna da bakin tafkuna. A matakin jiha akwai ma'aikatar muhalli da hukumar kare muhalli ta Jigawa, ga kuma hukumar da ke sasanta manoma da makiyaya, wadda maganar mashaya da burtali ta shafe ta kai tsaye.

Wani abin da nake yawan faɗa wa ɗalibaina shi ne ƙasarmu ta dausayi ba ƙaramin wuri ba ce a idon duniya. A ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971, an sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a shekarar 2000, sannan dausayin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ya shiga a 2008. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince da mayar da gandun Baturiya ɗaya daga cikin sababbin gandayen daji na ƙasa. Tsuntsayen da kuke gani da sanyin hunturu suna sauka a tafkinku tare da kirinjijiya da dinya, da yawansu daga Turai suke tsallako hamadar Sahara. Idan filin nan yana cikin iyakar gandu ko yana manne da ita, to maganar ta ƙara nauyi, kuma jami'an gandun daji ma suna da ta cewa.

Ina kuma roƙon kada a manta da mata a cikin koken. Kabar da suke saƙa tabarma da faifai da ita daga kurmin gorubar nan take fitowa, kuma goruba da rijiyoyin gari duk suna rayuwa ne da ruwan da ambaliya ke sauke wa ƙasa kowace shekara. Shekarar da fadama ba ta sha ba, guga ne ke fara ba da labari, sai an ƙara igiya. Ku ɗauki hoton jingar da waya daga kowane ɓangare, ku zana taswirar wurin ko da da hannu ne, ku nuna inda ruwa ke shiga da inda yake zuba da inda gidaje suke.

Tsohon Ma'aikacin Filaye ya ƙara da cewa:

Malama ta cike abin da na bari. Ƙari ɗaya kawai: a cikin koken kada ku zargi kowa da cin hanci ko sayar da ku, ko da ana raɗe-raɗin haka a gari, domin zargin da ba hujja yana rufe ƙofar da gaskiya za ta shiga. Ku nemi abu uku a fili: a nuna muku takardar izinin filin da iyakarsa, a nuna muku izinin taɓa hanyar ruwa da rahoton muhalli, a kuma turo injiniya ya duba mashigar kafin ruwa ya kawo. Ku rubuta watan da kogi ya saba isowa wurinku, don mai karantawa ya san lokaci ya ƙure.

Manomin Fadama ya dawo:

Iyayena da 'yan uwana, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Na karanta wa dattawa amsoshinku gaba ɗaya bayan sallar isha'i a ƙofar gidan mai unguwa, har da ta ƙanenmu mai noman rani, kuma da yawa sun ce maganarsa ta kwalbati ta shige su, muddin injiniya ne zai faɗi girmansa ba mai jari ba.

Malamin makarantar firamarenmu ya rubuta mana koken da Hausa da Turanci. Magidanta sun dangwala, sarkin ruwa ya sa hannu, arɗo ya aiko ɗansa daga mashekarinsu ya dangwala a madadinsa, shugabar ƙungiyar mata masu saƙar kaba ita ma ta sa nata. Dagaci ya raka mu wurin hakimi ranar Litinin, ya saurare mu da kyau, ya ce zai kira mai aikin ya zo da takardunsa a karanta a gaban kowa. Mun kai kwafi sakatariya an buga mana hatimin karɓa, kuma mutum biyu za su tafi Dutse da sauran kwafin ranar Alhamis, da kuɗin motar da muka haɗa.

Abin da ya rage mana shi ne taswira. Yaran da suka zana ta sun nuna mashigar da tafki da jingar, amma ba su san yadda za su nuna tsayin ƙasa ba, wato cewa unguwar gabas ta fi filin mai jarin kwari. Malama, idan akwai hanyar da za mu nuna wannan a takarda ba tare da kayan safiyo ba, muna roƙon ki bayyana mana kafin ranar Alhamis.